Yadda Ma'aikaci Zai Shawo Kan Ƙurajen Fuska a Zariya, Daga Asuba Zuwa Isha'i

Ma'aikacin da ke zaune a cikin birnin Zariya kuma yake aiki a Samaru ko Shika ya san abin da fuskarsa ke sha kafin ya sa hannu a rajistar zuwa aiki. Zai fito ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada da Sabon Gari, ya tsaya a Kwangila cikin hayaƙin tireloli yana jiran mota ta cika. Idan hunturu ne ƙura ta yi masa hoda, idan kuwa bazara ce gumi ya jiƙa bakin hularsa tun ƙarfe takwas ba ta yi ba. Ga mai lafiyayyar fata wannan ba komai ba ne, ruwan alwalar azahar ma ya wadatar. Ga mai ƙurajen fuska kuwa, da wannan fuskar zai tsaya gaban ɗalibai, ko ya zauna a kanta yana karɓar jama'a, ko ya shiga taro da shugabanninsa, kuma duk wanda ya dube shi sai ya ji kamar ƙurjin ake kallo.

Ni kaina ƙurajen ba su dame ni sosai ba sai bayan na fara aiki, a shekarun da nake zaton na wuce abin da ake kira ƙurajen balaga. Abin da na fahimta bayan asarar kuɗi da lokaci shi ne yawancinmu ba rashin magani ke cutar da mu ba, yawan magani ne da gajen haƙuri. Tsarin da ke aiki ɗan kaɗan ne, kayansa ba su wuce huɗu ba, amma yana buƙatar mako 12 ana binsa ba fashi, kuma dole a ɗora shi a kan yadda ranar ma'aikaci take tafiya, wato lokacin wanka, lokutan alwala, da lokacin kwanciya.

Mataki na farko: a san irin ƙurjin

A gindin kowane gashi na fuska, har wanda ido ba ya gani, akwai 'yar jaka da ke fitar da maiƙo domin fata ta yi laushi. Idan maiƙon ya yi yawa ya haɗu da matacciyar fata, sai ƙofar ramin gashin ta toshe. Idan bakin ramin a rufe yake sai a ga ɗan farin tsiro, idan a buɗe yake sai kan ya yi baƙi, kuma wannan baƙin ba datti ba ne, iska ce ta canza launin abin da ya taru. A cikin ramin da ya toshe wata ƙwayar cuta da dama can take zaune a fatar kowa takan samu wurin yaɗuwa, jiki ya tashi yaƙarta, daga nan a samu kumburi da zogi da mugunya. Abin da ke zuga jakunkunan maiƙon shi ne sinadaran jiki da ake kira homon, shi ya sa ƙurajen kan tsananta a lokacin balaga, da kwanakin da mace ke gab da al'ada, da lokacin da damuwa da rashin barci suka yi yawa. Gado ma yana da nasa kaso. Ƙura da gumi suna ƙara tsananta abin, amma ba su ne tushensa ba, don haka wanda ya ce wa mai ƙuraje ƙazanta ce ta jawo masa bai faɗi gaskiya ba.

Toshewar takan ɗauki makonni a ƙarƙashin fata kafin ta fito fili. Ƙurjin da ya bayyana yau an daɗe da shuka shi, kuma maganin da aka shafa daren jiya ba shi yake yaƙa ba, na wata mai zuwa yake hanawa. Wanda bai riƙe wannan ba zai jefar da magani mai kyau a mako na biyu yana cewa ba ya aiki.

Ba kowane ƙurji ne na wannan jinsin ba. Ƙurajen zafi da ke fesowa a wuya da baya a watannin Maris da Afrilu ƙanana ne masu tsikari, kuma sukan tafi da kansu idan jiki ya samu sanyi. Waɗanda ke fitowa a gemu da maƙogwaro bayan aski na gashi ne da ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Akwai kuma ƙanana masu girma ɗaya da ƙaiƙayi a goshi, ƙirji da kafaɗa, waɗanda sau da yawa wata ƙwayar cutar fata ce, dangin mai kawo makero, ke kawo su, maganinsu kuma daban ne. Kafin a sayi komai, a tsaya gaban taga da safe a ɗauki hoton fuska ta gaba da gefe biyu, a ajiye shi da kwanan wata, domin madubi na kullum ba ya nuna sauyi amma hoto yana nunawa.

Mataki na biyu: a dakatar da abin da ke rura wutar

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne wuya, kuma a nan aka fi faɗuwa. A kusan kowane ofis akwai wanda ya san wani mai da ke share fuska cikin kwana uku. Wata abokiyar aikinmu ta taɓa zuwa da irinsa a cikin 'yar roba mai farin murfi, ba suna, ba lamba, an haɗa mata shi ne a kasuwa, yana ƙamshi kamar alewa. A makon farko kowa ya yaba, fuskarta ta yi sumul har da haske. Bayan wata huɗu sai ga ƙananan ƙuraje jere reras a goshi da kumatu, jijiyoyi suna nunawa ta cikin fata, gashi ya fara tsiro a gefen fuska, kuma duk ranar da ba ta shafa ba fuskar sai ta yi ja tana raɗaɗi kamar an watsa barkono. Garin neman gira ta kusa rasa ido.

Abin da ke cikin irin waɗannan mayuka shi ne sitiroyid, magani mai ƙarfi na kashe kumburi wanda likitoci ke bayarwa na ɗan lokaci a kan wasu cututtukan fata. Yana kwantar da ƙurji nan take, amma idan aka daɗe ana shafawa yana sirantar da fata, yana kawo nankarwa, kuma shi da kansa yana haifar da sababbin ƙuraje. Haka yake a cikin yawancin man nan na bututu da ake saya a kemis ana cewa yana maganin abu uku a lokaci ɗaya, wanda wasu ma ke matsawa a cikin man shafawarsu na kullum. Hanyar ganewa ita ce a duba jerin sinadarai a jikin kwali: sunan da ya ƙare da haruffan “sone” ko “sol”, irin su bitametason (betamethasone) da kilobetasol (clobetasol), sitiroyid ne. Mayukan bilicin kuma sukan ƙara da haidirokwinon, wanda yawan amfani da shi ke barin baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu da ke da wuyar gogewa, wasu ma har da makuri, wani sinadari mai guba mai lalata ƙoda. Duk abin da ba shi da jerin sinadarai da lambar rajistar NAFDAC bai cancanci ya taɓa fuska ba. Wanda ya shafa irin wannan na kwanaki kaɗan zai iya ajiyewa kawai. Wanda ya yi watanni a kai ya nemi likita ya tsara masa yadda zai janye a hankali, domin yankewa farat ɗaya kan sa fuska ta yi bore, mutum ya tsorata ya koma.

A cikin wannan matakin ne kuma za a ajiye lemon tsami, man goge baki, toka, da dirzar fuska da sukari ko gishiri. Duk suna ƙona fata, kuma baƙar fata idan ta ƙone da tabo take ramawa. A duba har abin da ake sha. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe wasunsu sitiroyid ne, kuma suna feso da ƙuraje a fuska da ƙirji. Wasu magungunan asibiti ma, kamar na tarin fuka da na farfaɗiya da allurar tazarar haihuwa, kan ƙara ƙuraje, amma waɗannan ba a dakatar da su don ƙurji, sai dai a gaya wa likitan da ya rubuta.

Mataki na uku: wanka, alwala da man shafawa

Fuska tana buƙatar sabulu sau biyu kacal a yini, da safe da dare. A yi amfani da tafin hannu, ba soso ba, da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafin da ake sirkawa a sanyin Janairu ba. Sabulun ya zama mai sauƙi wanda bayan an wanke fata ba ta ɗaurewa. Sabulun salo yana karɓar wasu, amma yana da kaifi, kuma idan aka haɗa shi da magungunan da za a ambata a gaba yakan busar da fuska fiye da kima, musamman wanda aka cakuɗa da kayan haɗi. Sabulun kashe ƙwayoyin cuta mai warin asibiti ba shi da wani amfani na musamman a nan. Tawul ɗin fuska ya zama daban, a dinga dannawa da shi a hankali maimakon gogewa.

Alwala da ruwa zalla ba ta cikin lissafin wanki biyun nan, kuma ba ta cutar da mai ƙuraje. Sai dai tana da tasiri biyu da ya kamata a tsara rana a kansu. Na ɗaya, tana wanke duk abin da aka shafa, don haka maganin da aka sa ƙarfe bakwai na safe ba zai wuce azahar ba. Na biyu, a lokacin hunturu jiƙa fuska da bushewarta sau da yawa a iska mai kaushi yana tsotse laimar fata, balle ga wanda ke zaune a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Mafita ita ce a ajiye ƙaramar kwalbar man shafawa a aljihun tebur ko jaka, a ɗan shafa bayan alwala tun fuska na da sauran danshi.

Masu maiƙon fuska sukan ce su ba sa buƙatar mai, wannan kuskure ne, domin fatar da ta bushe ta tsage ba ta jure magani. Abin nema shi ne mai mara nauyi, mai ruwa-ruwa, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya toshe ƙofofin fata. Man kwakwa da man koko da man gashi masu kauri a bar su ga jiki da kai. Basilin da man kaɗe suna da kyau ga leɓe da gwiwar hannu da faso, amma lafta su a fuska mai ƙuraje sannan a shiga ƙurar hanya ba dabara ba ce.

Mataki na huɗu: magunguna biyu, kowanne da lokacinsa

Ga ƙuraje masu sauƙi zuwa matsakaita, magunguna biyu ne ginshiƙi, kuma a saye su a kantin magani mai rajista inda akwai masanin haɗa magunguna da za a yi wa tambaya.

Na farko shi ne benzoyil feroksayid, mai kashe ƙwayar cutar da rage kumburi. Yana zuwa da ƙarfin kashi 2.5, 5 da 10 cikin ɗari, kuma ƙaramin yana aiki kusan daidai da babban ba tare da yawan ƙuna ba, saboda haka ba gwaninta ba ce a fara da na 10. Aibinsa ga ma'aikaci shi ne yana cin launin tufafi. Na yi asarar riga mai ruwan bula saboda shi, wuyanta ya koma ruwan lemo kamar an ɗiga mata ruwan bilic, kuma haka yake yi wa hijabi, bakin hula, tawul da rigar filo. Saboda wannan, da kuma alwalar da za ta wanke shi, na fi ganin hikimar a sayi na wankewa maimakon na shafawa: a sa shi a fuska lokacin wankan safe, a bar shi minti ɗaya zuwa biyu, a ɗauraye sosai, a goge da farin tawul. Wanda fatarsa ba ta jure shi, ko wanda matsalarsa ƙananan toshewa ce kawai, zai iya amfani da abin wanke fuska mai salisilik asid na kashi 2.

Na biyu shi ne adafalin na kashi 0.1, wanda aikinsa hana ramukan toshewa tun daga tushe, kuma yana taimakawa wajen dusar da tabo. Lokacinsa bayan sallar isha'i ne, idan an tabbatar ba sauran alwala sai ta asuba, domin ya samu sa'o'i bakwai ko takwas a kan fata. A wanke fuska, a jira kamar minti 15 ta bushe sarai, a matso kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya, a ɗiga a goshi, kumatu biyu da haɓa, a baza a duk wurin da ƙuraje ke fitowa, ba a kan ƙurjin kaɗai ba. A kauce wa gefen ido, lungun hanci da leɓe, sannan a bi da man shafawa. A fara da dare ɗaya cikin uku na mako biyu, a koma dare ɗaya cikin biyu, sai fata ta saba a mayar da shi kullum. Ya fi kyau a fara ranar Juma'a da dare, domin idan fuska ta yi ɗan saɓa ta yi shi a gida. Kada kuma a fara magungunan biyu a mako ɗaya, a ba da tazarar mako biyu tsakaninsu, ta yadda idan wani ya ƙi jiki za a san wanne ne.

Tsakanin mako na biyu da na huɗu fuska kan yi kamar ta ƙara lalacewa, ga bushewa ga sababbin ƙuraje, kuma a daidai nan ne abokan aiki za su fara cewa maganin bai karɓe ka ba. Idan bushewa ce da ɗan raɗaɗi, a rage yawan darare a ƙara man shafawa, a ci gaba. Idan kumburi ne mai tsanani da ƙaiƙayi da ɗurar ruwa, a dakata a nemi likita. Sauƙi na gaske yakan fara bayyana daga mako na 6 zuwa na 8, hukunci kuma sai a mako na 12.

Mai juna biyu, ko wadda ke neman haihuwa, ba za ta yi amfani da adafalin ko danginsa ba. Likitoci sukan zaɓa mata azelayik asid, wanda shi ma yana da kyau ga tabon baƙar fata.

Mataki na biyar: sa'o'i takwas na wurin aiki

Duk abin da ke gugar fata yana riƙe gumi yana iya tayar da ƙuraje a daidai inda yake taɓawa. Namiji ya juya hularsa ya dubi bakinta ta ciki, zai ga layin maiƙo da ya yi baƙi, kuma sau da yawa a daidai wannan layin ƙurajen goshinsa suke. Hular zanna ba ta wankuwa kullum, to a samu biyu ko uku ana juyawa, a cire ta idan an zauna a ofis ita ma ta sha iska, a kuma kai ta wurin masu wankin hula a kan kari. Ga mata, ƙurajen da ke bin gefen fuska da ƙarƙashin haɓa sukan bi sawun hijabi ne. A zaɓi mai auduga a kan mai santsin roba, kada bakinsa ya matse, a canza hular ciki da niƙabi kullum, kuma idan an yi kitso a goge man da ya gangaro goshi kafin a ɗaura ɗankwali. Sallayar da ake ajiyewa a ofis ita ma goshi take taɓawa sau biyu ko uku a rana, tana buƙatar wanki da shanya. Ma'aikatan asibiti su canza takunkumi da zarar ya jiƙe, su kuma rage kwalliya a ƙarƙashinsa. Ɗan acaɓa mai sa hular kwano ya sa ƙyallen auduga a ciki wanda zai wanke kowace yamma.

Masu aikin hannu nasu ya fi yawa. Bakanike da ke yini cikin baƙin mai yakan samu ƙuraje a damtse da cinya inda rigar aiki ta jiƙe da mai, kuma wanke hannu da fetur yana ƙara lalata fata, sabulu da ruwa da canza kayan aiki su ne magani. Mai tuya a gidan abinci ta ɗauraye fuska da ruwa idan ta tashi daga gaban kasko.

Sai hannu, wanda a ganina ya fi ƙura da gumi da hula ɓarna gaba ɗaya. Mutum na zaune gaban kwamfuta ya yi tagumi, yatsa ya laluba ya samu ƙurji, kafin ya ankara ya matse. Matsewar tana fasa ramin ta ciki, ta tura mugunya ƙasa, ƙurjin da zai yi kwana biyar ya tafi sai ya bar tabon wata shida, a wasu ma ya bar rami ko tudun tabo a muƙamuƙi. A cire ƙaramin madubi daga kan tebur, a yanke farce, a goge fuskar waya kullum. Idan maiƙo ya taso da rana, a danna takarda mai laushi a tsotse shi maimakon a ƙara hoda a kan hoda, kuma soson hoda a wanke shi duk mako, kada a yi aronsa.

Idan babban ƙurji ya fito ana gobe taro ko ganawar neman aiki, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle mai tsabta a ɗora na minti biyar, a huta, a sake, sannan a ɗiga benzoyil feroksayid na shafawa a kansa shi kaɗai. Ba zai ɓace ba, amma zai sauka, kuma ƙurjin da ba a taɓa ba ya fi wanda aka fasa sauƙin rufewa da hoda. Masu ba da shawara kuwa ba sa ƙarewa. Wata babbar ma'aikaciya takan tsayar da ni a baranda ta ce, “Ɗana, har yanzu ba ka gwada abin da na gaya maka ba?” Amsar da na ga tana rufe zancen cikin mutunci ita ce, “Na gode Hajiya, ina kan maganin likita ne, ya ce kada in haɗa da komai.”

Game da rana, ita ce ke mayar da tabo baƙi ƙirin ta kuma hana shi tafiya, kuma magungunan nan suna sa fata ta ƙara jin ta. Man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama shi ne na huɗu a kayan aiki, bayan man shafawa da magungunan nan biyu. A shafa da safe, a sake bayan alwalar azahar idan za a fita. Wasu suna barin fari-fari a baƙar fata, don haka a gwada a bayan hannu kafin a biya. Yana da tsada, kuma wanda bai samu hali ba ya riƙe laima ko malafa, ya bi inuwa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma.

Aski da abinci

Mai ƙurajen aski ya daina neman fuska ta yi santsi kamar kwalba. Ya yi amfani da kilifa ya bar ɗan tsawo kamar milimita ɗaya, domin gashin da aka yanke ƙasa da fata shi ne ke komawa ciki. Wanda aikinsa ya tilasta masa aske gemu, kamar masu kaki, ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ya bi inda gashin ya kwanta, kada ya ja fata, kada ya maimaita wuri ɗaya. Mallakar kilifa ta kai ta fi, ko don kauce wa ciwon hanta da ake iya ɗauka ta kayan aski. Ƙurajen ƙeya masu tauri kuwa a kai su asibiti da wuri, a kuma hana mai aski kankare wurin.

A Zariya gyaɗa ce ke shan zargi, alhali binciken likitoci ya fi karkata ga sukari da abincin da ke saurin komawa sukari a jini, sai kuma madara ga wasu mutane. Karin kumallon ofis na shayi mai kauri da farin burodi, da lemon kwalba da fanke da rana, sun fi ƙulli-ƙulli cancantar tuhuma. A rage su na wata biyu a gani.

Mataki na ƙarshe: lokacin zuwa asibiti

Ba a jiran mako 12 idan ƙurajen manya ne masu zurfi da zogi, ko suna barin ramuka, ko sun mamaye baya da ƙirji, ko sun kai mutum ga ƙin fita aiki da guje wa jama'a. Haka macen da ƙurajenta suka zo tare da rikicewar al'ada da tsirowar gashi a haɓa, domin wannan na iya zama alamar matsalar homon da ke buƙatar gwaji. Ana iya farawa daga babban asibiti kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko asibitin da inshorar lafiyar ma'aikaci ta ɗora shi a kai, a karɓi takardar turawa zuwa ga likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A tafi da hotunan da aka ɗauka da duk mayukan da aka taɓa shafawa, har da na robar da ba ta da suna, kada kunya ta sa a ɓoye.

Likita na iya ƙara ƙwayar doksisaikilin, yawanci na kimanin wata uku, tare da ci gaba da na shafawa domin kada ƙwayar cutar ta saba da ita. Ana shanta da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya nan take, saboda tana iya ƙona maƙoshi. Mai azumi ya fi dacewa ya sha da buɗa-baki, ba da sahur ba idan zai koma barci. A raba ta da maganin ƙarin jini da na gyambon ciki da aƙalla sa'o'i biyu, kuma mai juna biyu ba ta shanta. Ga ƙuraje mafi tsanani akwai aisotiretinoyin, wanda ke aiki ƙwarai amma yana nakasa ɗan tayi, don haka ba a shansa sai a hannun likitan fata, da gwaje-gwaje da tsarin hana ɗaukar ciki.

Idan fuska ta lafa, ba a ajiye komai gaba ɗaya, domin jakunkunan maiƙon suna nan yadda suke. A ci gaba da adafalin dare biyu ko uku a mako, a bar tabon ya dushe da kansa, wanda kan ɗauki wata uku zuwa shekara gwargwadon zurfinsa. Da shigowar hunturu a Nuwamba a ƙara man shafawa a rage benzoyil feroksayid zuwa kwana biyu ko uku a mako, idan zafin Maris ya kama a koma mai mara nauyi, a ƙara yawan wankin hula da hijabi.